Wace kalma za mu ba "participant observation" a Hausa?

1/ Ƙanina yana rubuta kundin digirinsa da Hausa, game da teburin mai shayi. Ya zo babi na uku, inda ake bayyana hanyoyin tattara bayanai, sai ya cije a kan "participant observation". Ya turo min saƙo: "Yaya, in rubuta sa ido?" Na ce kada ka soma.

2/ Abin da Bature ke nufi shi ne mai bincike ya shiga cikin mutanen da yake nazari, ya zauna, a ci da shi a sha da shi, yana yin abin da suke yi yana kuma kula da yadda suke yin sa. Malinowski, masanin al'adun al'umma ɗan ƙasar Folan, shi ya fito da hanyar fili, da zaman da ya yi a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. A wajenmu ma an yi: Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963 cikin masu gida da dillalan shanu da goro, Polly Hill kuma ta tare a Batagarawa a 1967.

3/ To "sa ido" ba ta ɗauki wannan ba. Ɗan sa ido kowa ya san shi, ba mai son ya zauna kusa da shi. Ka je majalisa ka ce ka zo sa ido, ka ga ko wani zai ƙara buɗe baki.

4/ "Kallo" kuwa na ɗan kallo ne, wanda ke tsaye a bakin fage, ba ruwansa da wanda ya sha kaye. Wani abokina ya kawo "gani da ido". Ta yi daɗin faɗa, amma gani da ido na ziyarar kwana ɗaya ce, irin ta manya idan sun je duba aikin titi.

5/ Ga abin da ya sa nake jan maganar. Ranar farko ƙanin nan nawa ya je da takardar tambayoyi. Nawa kofin shayi? Aka faɗa masa. Kana ba da bashi? Mai shayi ya ce, "Ai bashi hanji ne, amma ni ba na bayarwa." Ya rubuta ya tafi. Da ya koma ya yi sati uku a kan bencin, har yana taya fasa ƙwai da wanke kofuna, sai ya ga wani tsohon littafi a ƙarƙashin gwangwanin madara, cike da sunayen 'yan acaba. Ya ga akwai wanda in ya zauna ba a tambayarsa me zai sha. Ya ga gefen burodin da ake ajiye wa wani almajiri kullum bayan isha'i. Ba ko ɗaya da ya fito a takardar. Kuma mai shayin ba ƙarya ya yi ba, a wajensa abin da ke littafin nan ba bashi ba ne, mutunci ne.

6/ Saboda haka kalmar sai ta riƙe abu biyu: idon da ke kula, da jikin da ke cikin mutane. Shawarata ita ce "lura cikin cuɗanya". Lura ba ta da warin gulma, cuɗanya kuma ba a yin ta daga nesa. Kishiyarta ta zo da sauƙi, wanda ya zauna a gefe yana rubutu bai sa hannu ba, "lura daga gefe" yake yi.

7/ Af, tun da an zo nan: masu fassara "qualitative research" da "bincike mai inganci", don Allah ku bari. Kenan mai lissafi da alƙaluma nasa binciken marar inganci ne?

8/ Inda na tsaya shi ne sunan mai yin aikin. "Mai lura cikin cuɗanya" ya yi tsawo a baki. Ƙanina ya ce "ganau", ni kuma ina jin ganau na shaidar haɗarin mota ne. Sakkwatawa da mutanen Damagaram, me kuke da shi? Ranar Litinin zai kai wa malaminsa babin.