Jar fitilar baƙin mai na ƙiftawa idan na sha kwana

Abba E46: Salam 'yan'uwa. BMW 330i gare ni, mai injin M54. In na sha kwana da gudu a shataletale sai jar fitilar baƙin mai ta ƙifta ta ɗauke. Na duba geji, man na tsakiya, 5W-40 nake zubawa. Asabar ina da ɗaurin aure a Kaduna, daga Kano zan tashi. In tafi da ita ko in ajiye?

Baban Ilham: Ka koma mai kauri, 20W-50, kawai, zafinmu ba na Jamus ba ne.

Sani Zariya: Ajiye ta, don Allah. Haka tawa ta fara, bakanikena ya ce sensa ce, ya zare wayar, fitila ta daina kamawa, har na gode masa. Kwana tara, ina gab da Kwanar Dangora na ji ƙwas-ƙwas a ƙasan injin. Metal (ƙarafan da babbar sandar injin, wato karanshaf, ke juyawa a kansu) ya narke, karanshaf ɗin ya ci. Wata biyar tana rufe da tamfol, iyali na hawan Adaidaita. Da na koma masa, cewa ya yi ƙaddara ce.

Oga Bala: Alhaji Abba, fitila ruwan ɗorawa ce ke nufin mai ya yi ƙasa. Ja na nufin ƙarfin harba man ya faɗi. A kwana man na tarewa gefe guda a botam filet, wato tukunyar mai ta ƙasan injin, famfo ya zuƙi iska. Cika shi zuwa layin sama, sannan a cire sensar a ɗaura agogon awo, injin na da zafi. Kafin nan kada ka hau titi.

Abba E46: Nawa awon, Oga?

Baban Ilham: Dubu biyar aka yi min.

Sani Zariya: Ni ashirin aka ce, ban da sensa.

Mubarak: Bakanike dai ba zai taɓa cewa kada ka kawo mota gareji ba.

Oga Bala: Yaro, shekara nawa ka yi a ƙarƙashin mota?

Ɗan Hajiya: Abba, hau motar haya, ango ba zai tambayi injinka ba 😂

Sani Zariya: Ni yanzu ma man nake zargi. Lita shida da rabi na juye, galan a rufe da hatiminsa, sati biyu ya koma kamar ruwa.

Mubarak: Ai tsofaffin galan suke bi gareji-gareji suna saye su sake cikawa. Ni fasa nawa nake bayan juye. A wane layi ka sayi naka?