Mastas a jenetik kanselin: in tsaya Jidda ko in gwada Amurka?

Ummu Safwan: Salamu alaikum ƴan uwa. Na yi digiri a fannin lab, shekara 3 ina aiki a Jidda. Ƙannena biyu sikila ne, shi ya sa nake son karatun nan, na zama da iyalai ana fahimtar da su cutar gado da sakamakon gwaji. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda tana koyar da shi, jami'ar Alfaisal a Riyad ma haka. Amma igama (takardar izinin zama) gare ni, ba jinsiyya (shaidar zama ƴar ƙasa) ba. In nema a nan ko Amurka? Baba dai ya ce Amurka sai da miji.

Abu Turki: Ki yi nas kawai ƴar uwa, aiki ba ya yankewa.

Bint Hausawi: Amurka? Hmm. Ni na gwada, makarantu 6 na nema. Can ba kai tsaye ake ɗauka ba, ki jera makarantun da kike so, su ma su jera ɗalibai, kwamfuta ta haɗa, a Afrilu a ji sakamako. Wani ofis ya karɓe min riyal 5,000 wai zai gyara takardu, ashe wasiƙa ɗaya ya rubuta min da wata ƙawata, suna kawai ya canza. Makaranta ɗaya ta kira ni intabiyu, ƙarfe 11 na dare agogon Makka, na kulle kaina a kicin saboda yara, matar ta ce wane aikin sa kai na taɓa yi da nakasassu ko masu neman shawara, wallahi bakina ya mutu, ba wanda ya gaya min suna duba wannan. Abin hannuna na zinare na sayar fa. Har yau Umma ba ta sani ba.

Ummu Safwan: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri. IELTS, jarrabawar Turancin nan, nawa kika biya?

Bint Hausawi: Wajen 1,300.

Ɗan Karantina: Ina! Bara na biya sama da 1,500.

Abu Turki: Ai na faɗa, nas.

Bint Hausawi: Malam kai fa injiniya ne, me ka sani a harkar asibiti?

Abu Turki: Matata nas ce, shekara 12. Ke da ba a ɗauka ba ke ce za ki ba da shawara?

Ɗan Karantina: Ni zan yi muku kanselin ɗin: AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, kar ya auri AS. Kowa ya turo riyal 50 😂

Hajiya Madina: Ku bar wasa ƴaƴana. Tun 2004 gwajin sikila da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado) ya zama dole kafin aure a nan Saudiyya, amma mutanenmu sai an gama kai kaya an kama ɗakin biki sannan a je gwaji. Ƴar yayata da ɗan kawunta duk AS, aka ce musu kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da sikila, tsoffi suka fassara wai ɗa na huɗu ne kawai, sai a tsaya a uku. Na fari ma da ita ya zo.

Bint Hausawi: Auren zumuncin nan Hajiya, kina magana a ce kin raba dangi.

Ummu Safwan: Jama'a tambayata fa, mai igama ana ɗaukarsa, kuma in ya gama akwai aiki?

Hajiya Madina: Ni ma shekara biyu yayata ba ta gaishe ni ba a kan maganar nan, ko a Idi.