Biyan wata-wata mai sauƙi ko mallakar mota kai tsaye: wanne zan ɗauka?

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in sa hannu a takarda. Motata ta gaji, ina son in sauya, kuma ba ni da kuɗin da zan biya lokaci ɗaya. Masu sayar da motar sun ba ni zaɓi biyu. Na farko, in ba da kashi 20 cikin 100 kafin alƙalami, in biya sauran cikin wata 36, motar ta zama tawa. Na biyu, in ba da kashi 10 kacal, in riƙa biyan kuɗi kaɗan har wata 48, a ƙarshe ko dai in biya kashi 40 dunƙule in mallake ta, ko in mayar musu da abinsu. Sai dai sun ce kada in wuce kilomita 15,000 a shekara, ni kuwa aikina na yawo ne, nakan yi kusan 25,000. Zuciyata ta karkata ga na biyun saboda albashi zai numfasa. Amma wani abokina ya ce in fara tunanin nawa motar za ta yi ranar da zan sayar. Mene ne haɗin wannan da wancan?

Tsohon Dillali:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Abokinka ya yi maka gata. Na yi shekaru ina wannan harka, kuma abin da na fi gani yana cutar da mutane shi ne kallon kuɗin wata kawai.

Mu ƙaddara motar 100 ce. A tsari na biyu ka ba da 10, su kuma sun yi hasashen bayan shekara huɗu za ta yi 40. To 50 ɗin da ke tsakani, wato darajar da motar za ta zubar a hannunka, ita kake biya wata-wata. Shi ya sa kuɗin ya yi sauƙi. Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne ruwan bashin a kan 90 ɗin gaba ɗaya ake lissafa shi, har da 40 ɗin da aka ture zuwa ƙarshe. Don haka in daga baya ka biya dunƙulen ka riƙe motar, jimillar abin da ka kashe yakan fi na tsarin farko.

Amfaninsa guda ne, kuma ba ƙarami ba ne: ka sauke wa kamfani kasadar faɗuwar daraja. In lokaci ya yi kasuwa ta ce motar 33 take, ka miƙa musu makulli, asarar tasu ce. In ta ce 48, kana da rarar 8 da za ka sa a wata motar. An taɓa ganin duka biyun. A 2021 da 2022, da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin da ake sa wa motoci ya rage ƙera sababbi, motocin hannu sun yi tsada, masu irin wannan yarjejeniya da dama suka tsinci riba. A 2023 kuwa Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta yi ta rage farashin sababbin motocinta, na hannu masu lantarki suka rikito, har kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da kusan 20,000 daga cikin motocinsa masu lantarki.

Amma kai matsalarka kilomita ce. Sun ba ka 60,000 a shekara huɗu, kai za ka ci 100,000. Rarar 40,000 ɗin nan kowace kilomita da tararta in ka zo mayarwa, ga kuɗin duk wata lotsawa ko ƙarzuwar fenti da suka ce ta wuce ƙima. Kariyar da kake saye za ta narke a nan.

Maman Sadik:

Malam, bari in ba ka nawa labarin. Na karɓi bashin shekara shida da ɗan abin kafin alƙalami kaɗan, don ni ma sauƙin wata nake nema. Ban cika shekara biyu ba aka buge motar, ta tashi daga aiki. Inshora suka biya ni abin da motar take yi a kasuwa ranar, ba abin da ake bi na ba. Sabuwar mota a shekarun farko take fi zubar da daraja, bashin kuwa a hankali yake sauka, sai ya zamana bashin ya ɗara motar. Na yi wata goma sha ɗaya ina biyan kuɗin motar da babu ita, ina hawa ta haya zuwa aiki. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Akwai inshorar da ke cike wannan giɓin, ban san da ita ba sai da abin ya faru. Kowanne ka zaɓa, ka tambaye su ita.

Abu Hafsa:

In kana gudun ruwa, duba murabaha: banki ya sayi motar ya sayar maka da riba ƙayyadadda, ka biya kaɗan-kaɗan. Sai dai motar taka ce, faɗuwar darajarta ma taka ce. A ijara kuwa mallakar tana hannun banki har zuwa ƙarshen haya. Ka tambaya tun yanzu ko za su yi maka rangwame in ka sayar ka biya su da wuri.

Bakanike:

Yallaɓai ba ka faɗi irin motar ba, kuma rabin amsar a nan take. Motar da kowane gareji ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba a wahalar samu, ba ta rasa mai saye. Corolla tun 1966 ake ƙera ta, shi ya sa ko ta ci hanya mutane ba sa tsoronta. Mai yawo irinka, ni da zan ba ka shawara, ka nemi ta hannu mai shekara biyu ko uku wadda wani ya riga ya sha faɗuwar farko, ka bi tsarin mallaka. Kuma ka adana takardar kowane sabis da canjin baƙin mai. Na sha ganin motoci biyu iri ɗaya, mai takardu ta tafi a mako guda, ɗayar ta yi wata tana jiran tayi.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri. Na zauna na lissafa tarar kilomitar nan, ta kusa cinye duk sauƙin da nake hange. Hajiya Maman Sadik, Allah ya mayar da alheri, na rubuta batun inshorar a gaban takardata. Gobe zan koma in tambaye su nawa kuɗin wata zai zama in aka ɗaga iyakar zuwa 25,000, in kuma suna ba da tsarin farko a kan motar hannu. Malam Bakanike, wadda ta riga ta ci kilomita 50,000, in na ƙara mata 75,000 cikin shekara uku, kana ganin za ta sayu ba wahala?