Tabon kunne kaɗai ya isa a gane tsuntsun?

Mai hoto: Assalamu alaikum. Jiya da sassafe a bakin daji kusa da Cairns, arewacin Ostareliya, na ɗauki hoton wani tsuntsu cikin masu shan ruwan fure, kore-kore, da tabon rawaya a kunne. Na ce irin da ake kira Lewin ne. A wurina tabon ya isa shaida: na Lewin kamar jinjirin wata yake, na ɗan'uwansa mai ɗigon rawaya kuwa a dunƙule.

Malama: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ban yarda ba. Tabon gashi ne fa. Tsuntsu ya karkata kai ko ya tayar da gashin wuya, siffar ta canza. Na taɓa bin guda ɗaya a kan reshe, cikin minti biyu tabonsa ya koma kamar na tsuntsaye biyu daban. Kukansa ka ji?

Mai hoto: Bai yi kuka ba, Malama. Kansa na cikin fure yana ta lasa da harshen nan nasu mai kamar buroshi.

Dattijo: To nan gizo ke saƙar. Su uku ne masu kama da juna a yankin. Lewin ya fi girma, wajen santimita 20, kukansa a jere ratatata kamar bindiga mai sarrafa kanta, kuma a can arewa ya fi zama kan tudu, irin su Atherton. Mai ɗigon rawaya yana kuka da ƙarfi, sautin na sauka. Ƙaramin cikinsu, mai siririn baki, "tik" kawai yake yi, ya yi shiru. Kai kuma a gangare kake, dab da teku.

Mai hoto: Baba, ai tsuntsu yana da fiffike. Me zai hana shi saukowa?

Dattijo: Yakan sauko, musamman da sanyi. Shi ya sa ban ce ba shi ba ne. Cewa na yi hoto ɗaya bai isa ba.

Malama: Kuma ka duba, ƙaramin nan na wajen Cairns shekaru da yawa ana haɗa shi da na yankin Cape York da ke arewa da Cairns, sai a 2018 wani masanin tsuntsaye, Lloyd Nielsen, ya kawo hujjar cewa jinsinsa daban. Masana ma sun daɗe suna kallonsa ba su raba ba.

Mai hoto: Har yanzu ina ganin jinjirin wata a hoton nan. Amma gobe bayan asuba zan koma gindin bishiyar, in kunna rikodar waya in jira.