Darasi ɗaya, ƙofofi uku: shawarwarin malaman Turanci

Wasu malaman Turanci da suka tattauna batun hanyoyin da ɗalibai ke koyo sun fi tsayawa kan abu guda: kada a raba aji a ce wannan da ido yake koyo, wancan da kunne. Nazarin da Harold Pashler, masanin ilimin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa suka fitar a 2008 bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa irin wannan rabo yana ƙara fahimta ba. Gara a shigo da darasi ɗaya ta ƙofofi da yawa, kowa ya bi dukkansu.

Misalin da aka fi daɗewa a kai shi ne bambanta p da f, wanda ke ba ɗaliban Hausa wuya saboda a harshenmu sautukan biyu ba sa canja ma'anar kalma. A darasin minti 40, a fara da kunne: malam ya furta "pan" da "fan", ɗalibai su ɗaga yatsa ɗaya in sun ji ta farko, biyu in sun ji ta biyu, minti goma. Sai ido: a zana hotunan abubuwan da kalmomin biyu ke nufi a allo, a nuna yadda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa wajen f. Sannan kowa ya riƙe ɗan yankin takarda a gaban bakinsa. Idan p ta fito daidai, takardar za ta yi tsalle.

Inda ake kuskure shi ne karatun amshi. Aji ya ɗauka da murya ɗaya, malam ya zaci an iya, alhali rabinsu leɓe kawai suke motsawa. A haɗa su bibbiyu, malam ya zagaya yana saurare. Minti biyar na ƙarshe kuma na shifta ne, kalma shida sun isa.