Wace kalma za mu ba «innovation» da Hausa?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daren jiya a ƙofar gidanmu da ke Wadata, nan Yamai, ana cikin shan shayi gardama ta kaure kan kalma guda. Ƙanena mai karatun tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni yana yi wa kawunmu bayanin yadda manyan kamfanoni masu rassa ƙasa-ƙasa ke ƙwace wa juna kasuwa da ilimi da «innovation». Da ya iso kan kalmar sai ya faɗe ta da Faransanci. Kawu ya ce, "To, da Hausa fa, ɗana?" Duk muka yi tsit. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan.

Wani ya ce bidi'a. Asalin ma'anar ya dace, sabon abin da ba a gada ba, amma kunnen Bahaushe ya riga ya ba ta gida a addini. Ba mai cewa kamfani kaza ya shahara da bidi'a a ɗauka yabo ne.

Gidajen rediyo kuwa ƙirƙira suke cewa, ko ƙirƙire-ƙirƙire. Nan nake da ja. Ƙirƙira ita ce samar da abin da babu shi, wato «invention», kuma tsakaninta da abin da muke nema akwai tafiya. A 1975 wani injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, mai ɗaukar hoto ba tare da fim ba. Amma ribar Kodak a sayar da fim take, sai kamfanin ya yi ta jan ƙafa. Sony da Canon da Nikon na Japan suka cinye kasuwar, a 2012 Kodak ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashi. Kun ga ƙirƙirar a gidansa aka yi ta, amma wasu suka mai da ita abin da jama'a ke saya. Idan kalma ɗaya muka ba duka biyun, ta yaya za mu ba da wannan labari?

Mu dawo kusa, cikin aljihunmu. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, bai ƙirƙiri salula ba, bai ƙirƙiri kyamara ba. Abin da ya yi shi ne zama ya karanci mai saye na Afirka. Ya ga muna riƙe layi biyu saboda kira daga wannan layi zuwa wancan ya fi tsada, sai ya ba da gurbi biyu. Ya ga wuta na ɗaukewa, ya sa batir mai jimiri. Ya lura kyamarori na ɓata fuskar baƙar fata, ya gyara tasa ta riƙa fito da ita sarai, kuma duk a farashin da talaka zai iya. A 2017 ya wuce Samsung a yawan salular da ake sayarwa a Afirka. Ku leƙa rumfunan masu salula a Babbar Kasuwa ku ƙirga da kanku. Ilimin da ya ci wannan yaƙi rabinsa na ɗakin bincike ne, rabinsa sanin halin mutane.

Haka M-Pesa a Kenya, 2007: saƙon salula da ɗan shagon unguwa duk suna nan tun da, haɗa su aka yi suka zama hanyar aika kuɗi.

Don haka ni na tsaya kan sabuwar dabara. Dabara ba ta zama a takarda, sai an yi aiki da ita ake kiranta haka, shi ya sa ake cewa ta rage ga mai shiga rijiya. Na gwada ta a baki: "Kodak ya yi ƙirƙira, amma wasu suka riga shi sabuwar dabara." "Kamfanin da ya daina fito da sababbin dabaru, kasuwa za ta bar shi." Na faɗa wa kawu haka yau da safe, bai nemi ƙarin bayani ba.

Wani malami ya kawo gyara cewa kalmar sabuntawa ta fi gajarta. Allah ya ƙara sani. Abin da ya hana ni ita, mun saba jin ta a fasfo da katin ɗan ƙasa, inda tsohon abu ke dawowa yadda yake. Wani ɗan uwa kuma ya ce dabara na iya nufin wayo, kamar "ya yi mini dabara". Gaskiya ne, wannan rauninta ne. Ina ganin "sabuwar" da ke gabanta na kore wannan zargi.

Saura «brevet», takardar da ke hana a kwaikwayi abin da mutum ya ƙirƙira har shekara 20. Mu a Nijar hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, wato OAPI da ke Yawunde, ke ba da ita, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Idan muka bar ta da Faransanci, da yawa jarrabawar kwaleji za su ɗauka. Na rubuta takardar mallakar ƙirƙira, sai dai ta yi mini tsawo a baki. Mutanen Tawa, ko maƙeran Adar na da wata kalmar da suke kiran haƙƙin wanda ya fara ƙera abu?