Jamusawa sun yi inji, Faransawa sun yi mota: gaskiya ne?

Oga Makanike: Jama'a, ina nan a kan bakana. Jamusawa inji suka yi, mota kam Faransawa ne. Ku dubi motar Faransa, Panhard et Levassor ta 1891: inji a gaba, kuloc a bayansa, sai giya, ƙarfin ya gangara tayoyin baya. Duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin 504 ya san wannan jerin.

Ɗan Jami'a: Oga, a gafarce ni, to ina ka ajiye Bajamushe Karl Benz? Tun 1886 aka yi wa motarsa rajistar haƙƙin ƙira. Injin Panhard ɗin ma ai na Bajamushe Daimler ne, mai silinda biyu, izini suka karɓa suke ƙera shi a Paris.

Oga Makanike: Ƙanena, taya uku fa, inji a bayan kujera. Wa ya gaji wannan tsarin?

Baba Direba: Ku bi a hankali, yara. Ita Panhard ɗin da sarƙa take juya tayoyin baya, irin ta keke. Ba ta da sitiyari ma, sanda ake karkatawa. Sai a tseren Paris zuwa Rouen na 1894 Alfred Vacheron ya ɗaura wa tasa sitiyari. Farfela kuwa, wadda ta kori sarƙa, ƙaramar motar Louis Renault ta 1898 ce ta fito da sunanta, wadda ya hau gangaren titin Lepic na Paris da ita.

Malama: Baba, ai ka ƙara wa Oga gishiri ne. Vacheron da Renault duk 'yan Faransa ne.

Oga Makanike: Allah ya saka, Malama! Ga kuma tseren 1895, Paris zuwa Bordeaux da dawowa, kilomita 1,178. Levassor, ɗaya daga cikin masu kamfanin Panhard, ya gama cikin kusan awa 49, kusan duk tafiyar shi ke riƙe da tuƙi, da inji mai ƙarfin doki huɗu kacal. Da tsarin bai yi ba, da ba ta kai ba.

Ɗan Jami'a: Amma wa aka ba kyautar farko? Peugeot, don ta Levassor mazaunin mutum biyu ce, doka kuma ta ce huɗu. Peugeot ɗin kuwa injinta a baya yake. Ka ga kakar 504 ɗinka ma ba ta bi tsarin ba a lokacin.

Oga Makanike: Ta zo daga baya ai, kuma ta bi.

Baba Direba: To yanzu fa? Corolla da Golf da suka cika tasha, tayoyin gaba ke ja, babu farfela.

Malama: Citroën ta Faransa ta yi wannan tun 1934.

Ɗan Jami'a: DKW ta Jamus ta riga ta, 1931. Oga, muna jiran amsa.